Kulle, suna a fili, ko tambarin ɓoye: wanne ya dace da mai sayar da littafi ko fim ta waya?

Yayata marubuciya ce, irin masu rubuta littafi a waya suna sakin shafi kullum bayan isha'i a guruf ɗin WhatsApp na kuɗi, naira dubu ɗaya ka tura ka turo shaidar biya a saka ka. Wata safiya ina shago a Tudun Wada ko buɗe kwamfuta ban gama yi ba sai ga kiranta, muryar nan tata kamar za ta yi kuka, wai shafin da ta saki jiya da daddare ta gan shi a wata tashar Telegram kyauta, har da kuskuren taifin ɗin da ta yi. Tace "Auta kai da kullum kake taɓe-taɓen kwamfuta, wai babu yadda za a yi a kulle abin nan ne?" Nace Yaya kulle kike so ko kama ɓarawo kike so? Tace duka biyun mana. Toh ba hanya ɗaya ba ce, kuma kuɗinsu da wahalarsu ba ɗaya ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gaya mata, saboda na san masu shirya siris da masu sayar da darasin girki ko ɗinki a bidiyo duk ciwo ɗaya ne ke damunsu.

Mu fara da kullen tunda shi kowa ya fi so. Shi ne ake kira DRM, wato a ɗaure fayil ɗin ya zama ba ya buɗuwa sai a cikin manhajar da aka yarda da ita. Google na da Widevine, Apple na da FairPlay, Microsoft na da PlayReady, su ne manyan kamfanonin kallon fim ta intanet ke aiki da su. Ƙaramin ɗan uwansa kuma shi ne abin da Telegram ta kawo a ƙarshen 2021, mai guruf ya danna a hana forwadin da adanawa da sikirinshot, da kuma saƙon kallo sau ɗaya na WhatsApp. Gaskiya yana da amfani, yana tare malalacin ɓarawo, wanda dama forwadin kawai ya iya da yatsa ɗaya, kuma irinsu su ne suka fi yawa. Amma duk gidan da ke da waya biyu kullen nan ya gama aiki, ka buɗe shafin a wannan ka ɗauki hotonsa da waccan, shikenan. Fim ma haka, a jingina waya da kofi a ɗauka. Ko su manyan ba su tsira ba, a 2019 wani mai bincike David Buchanan ya sanar ya fasa ƙaramin matakin Widevine da ake kira L3, wanda shi ne wayoyi masu araha da yawa ke dogara da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi da kulle kuma shi ne mai gaskiya yake wahalarwa. Matar da ta biya kuɗinta tana Rigasa, netwok na ɗaukewa, wayarta ƙarama memori ya cika, ba wuta kwana biyu, kace sai ta sauke wata manhaja kuma sai da data a kunne za ta karanta? Ita wadda ta ɗauka kyauta a Telegram tana kwance tana karantawa ba data ba komai. Sai ya zama kayan sata ya fi na halak daɗin amfani. Apple da kansu a 2009 suka cire kulle daga waƙoƙin iTunes, amma ku lura da abin da suka bari, sunan mai saye da adireshin imel ɗinsa na nan a cikin fayil ɗin.

Wannan ya kawo mu hanya ta biyu, suna a fili. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya taɓa ganin wasu lambobi sun ɓullo a gefen talabijin ana tsaka da wasa, su ɗan jima su ɓace su koma wani gefen. Lambar katin dikodar ce, idan wani ya ɗauki wasan yana watsawa a intanet masu tashar su karanta lambar su rufe katin. A littafi kuma shi ne ka ga PDF an rubuta sunan mai saye a kowane shafi dishi-dishi. Arha ce, ko a waya za ka iya yi, kuma a wurinmu tana da wani ƙarfi da Turawa ba lallai su gane ba, kunya. Ba wadda za ta so sunanta ya yi ta yawo a guruf ɗin sata. Sai dai abin da ido ke gani hannu na iya gogewa, a yanke gefen hoto, ko a shafe wurin, ko a kwafe rubutun zalla a liƙa a sabon saƙo. Sannan don Allah kar ku sa lambar wayar mutane. Na ga masu yin haka, kuma ranar da littafin ya fita lambar matar aure ce za ta shiga hannun dubban mutanen da ba ta sani ba, wataƙila ma ba ita ta fitar ba. Ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ke aiki a ƙasar nan. Sa lambar rasit da kai kaɗai ka san ta wace ce, ko sunan farko kawai.

Kafin in shiga ta uku bari in kawar da wani ruɗani. Wani abokina mai shirya siris ya ce min shi ai yana da Content ID a YouTube ya gama. Shi Content ID, da YouTube ta fara tun 2007, gane kayan yake yi, ya ce wannan bidiyon na wane ne, a sauke ko a juya masa kuɗin talla. Ba zai taɓa gaya maka wa ya fitar ba, kuma ba ruwansa da Telegram ko Xender ko shagon masu tura finafinai a memori. Kowa ya yi in ya samu dama, amma ba shi muke magana ba.

Ta uku ita ce tambarin ɓoye, wanda masana ke kira zanen yatsa, saboda kowane mai saye ana ba shi kwafin da ya bambanta da na kowa ta yadda ido ba ya gani. Nan zan daɗe don nan ne mutane ke yin kuskure. Abu biyu ne a ciki, akwai inda ake ɓoye alamar, akwai kuma lambar da ake rubutawa da alamun. Elon Musk ya taɓa faɗa da kansa cewa a 2008 da wani ke fitar da sirrin Tesla, sun tura wa ma'aikata imel da ya yi kama da iri ɗaya, amma a tsakanin jimloli wani wurin tazara ɗaya wani wurin biyu, kowa da nasa tsarin, da haka suka gano shi. Mu a Hausa ma mun fi su sauƙi, don rubutunmu na waya dama a hargitse yake. Wani ya samu "ta ce" wani ya samu "tace", wani "sannan" wani "daga nan", wani "ta miƙe tsaye" wani "ta tashi tsaye". Kowane wuri zaɓi biyu ne, wurare goma kacal sun ba ka kwafi 1,024 mabambanta. Amma ba duk alama ce ke jure wahala ba. Akwai haruffan da ba sa bayyana a allo da ake cusawa tsakanin kalmomi, suna bin kwafi da liƙawa, amma sikirinshot na kashe su. Tazara da "tace" suna tsira daga sikirinshot, amma idan mai karanta littafi a YouTube ya karanta da baki sun tafi. Canjin kalma ne kaɗai ke bin labari har cikin murya, shi ya sa na fi yarda da shi, duk da Yaya ta yi ta mita wai ina taɓa mata salo.

A fim alamar cikin hoto ko sauti ake saka ta, canji ɗan mitsitsi da ido da kunne ba sa kamawa amma kwamfuta na karantawa ko bayan an matse bidiyon ko an ɗauke shi da kyamara. Injinan sinima na zamani suna buga wuri da rana da lokaci a cikin abin da suke haskawa. Kuma da irin wannan alama aka kama ɗan wasan Amurka Carmine Caridi, wanda kwafin finafinan da ake aika wa masu zaɓen Oscar ke fita ta hannunsa, aka kore shi daga ƙungiyar a 2004. Masu kallon intanet kuma abin da suke yi shi ne a yanyanka fim gutsure-gutsure na 'yan daƙiƙu, kowane gutsure a yi shi iri biyu, A da B, kowane mai kallo a jera masa nasa, wannan AABAB wancan BABBA. Kamfanoni irin su Irdeto da Nagra suna sayar da wannan hidimar, kuma ba ta ɗan ƙaramin furodusa ba ce, sai kana da manhajarka da sabarka, wato kwamfutar da ke riƙe finafinanka a intanet.

Toh ga inda gizo ke saƙar. Idan ɓarawo ɗaya ne komai lafiya. Idan biyu suka haɗa baki fa? Su saya kowa da nasa, su jera kwafin biyu, duk inda suka ga bambanci sun san alama ce. Mu ce wurare huɗu ne, kowane wuri sifili ko ɗaya, ɓarauniya ta farko lambarta 0011, ta biyu 0101. Wuri na farko da na ƙarshe iri ɗaya ne a wurinsu don haka ba su ma san akwai alama a nan ba, amma na tsakiya biyun sun gani, sai su ɗauki ɗaya daga nan ɗaya daga can su fitar da 0001 ko 0111. In dai a jere ka raba lambobin, 0111 ta wata baiwar Allah ce a Kawo da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kai kuma ka cire ta daga guruf ka yi mata tonon silili a sitatus. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, ɓarayi na dariya kai ka kwashi alhaki.

Wannan matsalar ce ta zama fage guda a ilimin lissafi. Neal Wagner ya rubuta a kan zanen yatsa tun 1983, sai a 1995 Dan Boneh da James Shaw suka fito da lambar farko da ke jure haɗin baki, bisa wannan ƙa'idar da na nuna, cewa maɓarnata ba sa iya taɓa wurin da duk kwafinsu ya zo iri ɗaya. Tasu tana aiki amma doguwa ce ƙwarai, in yawan masu haɗin baki ya ninka biyu tsawonta sai ya ninka kusan sha shida. A 2003 wani masanin lissafi ɗan Hangari, Gábor Tardos, ya kawo wadda in sun ninka biyu ita ninki huɗu take yi, kuma ya tabbatar da cewa ba a iya sauka ƙasa da wannan tsarin ninkin.

Don ku ga me ya gyara, ɗauki hanyar da kowa zai fara tunani, a jefa kwabo a kowane wuri, kai ko wutsiya, a ba kowa lambarsa ta haka. Wurare ɗari, masu saye ɗari uku. Biyu suka haɗa baki suka cakuɗa, kwafin satar zai dace da aƙalla ɗayansu a wajen wurare 75, mutanen kirki kuwa a wajen 50 za su tsaya, mai rashin sa'a a cikinsu ya kai sittin da wani abu. Akwai tazara, za ka gane. Da wurare arba'in ne kawai tazarar ba ta isa ba, na lissafa, mai rashin sa'ar na iya zuwa dab da mai laifi. Amma bari su zama uku masu wayo, duk inda biyu suka zo iri ɗaya ɗaya ya bambanta sai su ɗauki na ɗayan. In ka lissafa kowannensu zai dace da kwafin satar a rabin wuraren ne cif, daidai da wanda bai san komai ba, sun ɓace a cikin jama'a. Dabarar Tardos ita ce kwabon kowane wuri ba daidai yake ba, kuma nauyinsa sirri ne. Wani wurin kusan kowa sifili yake da shi 'yan kaɗan ne ke da ɗaya, wani wurin akasin haka, wani rabi da rabi. Wajen bincike kuma maki ake bayarwa, in ka dace da kwafin sata a wurin da kowa ma ya dace makin kaɗan ne, in ka dace a wurin da ku 'yan tsiraru ne makin ya yi nauyi. Kamar a ce ɓarawo na sanye da farar shadda ranar Juma'a a masallacin Sultan Bello, wannan ba shaida ba ce, amma a ce yana da yatsa shida kai ma kana da shi, toh magana ta fara. Wanda makinsa ya haye wani layi da aka ja shi ake tuhuma, kuma tun farko kai ke zaɓar iya haɗarin zaluntar mai gaskiya da za ka iya ɗauka.

Farashinta tsawo ne. A lissafin Tardos na asali, masu saye dubu ɗaya, kana tsoron haɗin bakin mutum uku, kana son haɗarin kuskure ya zama ɗaya cikin dubu, kana buƙatar wurare kusan 12,600. In biyar ne 35,000. Fim na minti casa'in da aka yanka daƙiƙa bibbiyu gutsure 2,700 ne kawai, kun ga bai ma isa ba. Daga baya Boris Škorić da abokan aikinsa a Holan suka gyara yadda ake ba da makin a 2008, wasu suka ƙara a kai, tsawon ya ragu ninki da yawa har ya zama fim na iya ɗauka. Littafi kam a manta, ba marubuciyar da za ta zauna ta yi wa jimla dubu goma fuska biyu.

Sai babbar maganar da ta sa Yaya ta yi shiru a waya. Duk wannan ba ya aiki in dai shafi ɗaya kike jefawa a guruf mutum ɗari uku su karanta. Kwafi ɗaya yatsa ɗaya ne, naki. Dole kowa ya karɓi nasa daban, ko ta bot ɗin Telegram da ke haɗa wa kowa nasa, ko shafin intanet da ake shiga da lambar sirri, ko ki zauna kina turawa ɗaya bayan ɗaya har asuba. Amma mai sakin labari kullum tana da wata gata da mai fim guda ba shi da ita, wadda Amos Fiat da Tamir Tassa suka yi bayaninta a 1999, wato bin sawu a hankali ana canza rabo. Yau ki raba mutanenki gida biyu, kowane gida da nasa kwafin, bambancin kalma biyu ko uku ya isa. Gobe ki duba wanne ya fita. Gidan da nasu ya fita ki sake raba shi biyu, sauran jama'a ki ba su kwafi na uku. Kullum rabi na zubewa, mutum ɗari uku kwana tara ya ishe su. In wata rana kwafi na uku ne ya fita kin san akwai ɓarawo na biyu a can, shi ma ki bi shi haka. Ba manhaja, ba ko sisi, littafin rubutu da biro da jerin burodkas na WhatsApp, wanda ke ɗaukar mutum 256 kowanne, kuma sai wanda ya adana lambarki saƙon ke isa gare shi, wannan a tuna.

Ni dai in za a bi ta tawa, mai sayar da cikakken PDF ya haɗa lambar rasit a fili da canjin kalma a wurare kamar ɗari da aka raba ta hanyar jefa kwabo ba a jere ba, ta filin ta tsorata mai kunya, ta ɓoyen ta jira wanda ya goge ta filin yana ganin ya yi wayo. Mai sakin shafi kullum in a Telegram take ta kunna hana forwadin tunda kyauta ne, sannan ta yi rabon gida-gida ranar da ɓaraka ta fito, ba sai kullum ba. Mai darasin bidiyo da ɗalibansa ba su wuce ɗari ba ya sa lambar ɗalibi tana yawo a allo kamar ta gidan ƙwallo, ba a lungu ɗaya da za a yanke ba. Lambar Tardos da kulle mai tsada na wanda ke da manhajar kallo ne da dubban masu biya, wanda ya san masu satarsa sana'a suka ɗauke ta har suna iya sayen akawun biyar don su cakuɗa. Furodusan da fim ɗinsa ke fita tun kafin a sake shi kuma matsalarsa ba ta masu kallo ba ce, mutum bakwai ko takwas ne suka taɓa fayil ɗin, edita, mai sauti, mai fassara a ƙasan allo, mai talla, kowa a ba shi kwafi mai alamarsa kuma a gaya masa an sa. Idan ta kai ga hukuma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta tanadi hanyar neman a sauke kayan sata daga intanet, hukumar ita ce NCC ta haƙƙin mallaka ba NCC ta layukan waya ba. Ka ajiye rasit da rajistar wa ka ba wane kwafi da kwanan wata, in babu wannan rajistar alamar ba ta da amfani a gaban kowa.

Mu rabon gida-gida muka yi. Yaya na rubutu ni ina riƙe da rajista a wani tsohon littafin bashi na shago, "ta zauna" a gida ɗaya, "ta samu wuri ta zauna" a ɗayan. Kwana biyu a tsakiya ba a fitar da komai ba muka yi ta jira, don haka sai a rana ta sha ɗaya muka sauka a kan suna ɗaya, kuma sunan ya ba mu mamaki don matar tun littafin farko take saye, har kyautar kati take turo wa Yaya da salla. Na ce Yaya kar ki sa a sitatus, alamar ta nuna wayar da abin ya fita ne ba hannun da ya danna ba, kira ta. Ta kira, suka gaisa, ta yi mata bayani a hankali. Matar ta yi salati tace ai ita da ta yi barci ƙanwar mijinta da ke zaune a gidan ce ke ɗaukar wayar tana karatu, bari ta duba. Bayan minti goma ta turo hoton manhajar Telegram a wayar, wadda tace ita ba ta ma san an sauke ta ba. Ta canza lambar buɗe wayar a daren, Yaya ta bar ta a guruf, har yanzu tana ciki.